Tsanin Tumakin Dutse

Garken Alfadarai,
Gindin Tsaunin Santa Rufina,
21 ga Afrilu.

Zuwa ga mijina Nicanor,

Tsohona, gaisuwa mai tarin yawa tare da fatan alheri. Yaya jikin? Yaya ƙugun da aka yi wa aiki, ya fara yarda ka taka, ko har yanzu sai da sandar ƙarfe? Ina fatan 'yarmu Ofelia da mijinta suna lafiya, kuma hayaniyar El Paso ba ta hana ka barci. In ka tambaye mu, muna nan ƙalau, ni da alfadarai bakwai. Mora da ta kayar da kai tana nan tana cin ciyawarta, ko kunya babu a idonta.

Bayan gaisuwa, ka gyara zama kafin ka ci gaba da karatu, don na san ka da zabura, likita kuwa ya hana. An cire tsanin Babbar Randa, ramin ruwan nan na kan tsauni. Kuma ni ce na cire shi.

Mako ɗaya da tafiyarka aka kawo mana sabon shugaban sashen namun daji, wani Dakta Halvorsen daga can arewa. Dogo ne, mai ladabi, ba ya wuce mutum bai gaishe shi ba, kuma kullum hancinsa fari fat da man kare rana. Ba mugu ba ne, tsohona, da ma mugu ne da na san yadda zan yi da shi. Ya zo da takarda cewa duk gabashin gandun dajin nan za a mayar da shi yadda Allah ya halicce shi. Duk abin da hannun ɗan Adam ya ajiye a can sai an kwashe: tsohuwar wayar shinge, garken awakin mutanen da, gwangwanaye, kwamin ruwa. Ban yi gardama a kan wayar shingen ba, ni da na sha warware barewa daga cikinta. Sai da na kai lamba ta ashirin da uku na ga an rubuta, "gungume mai sara-sara a cikin ramin ruwa."

Gungume mai sara-sara! Haka suka kira shi.

Na tafi ofishinsa da ƙurar garke a jikina. Na ce, "Yallaɓai, ka taɓa leƙa Randa?" Ya ce ya gan ta a hoto. Sai na zayyana masa. Na ce rami ne a cikin dutse, zurfinsa gaba uku, bangonsa sulɓi kamar cikin kwano, ruwan sama kaɗai ke cika shi, kuma daga Mayu har saukar ruwan Yuli babu wani ruwa a tsaunin nan kaf sai shi. In yana cike, dabba ta sha daga baki ta wuce. In ya ja ƙasa, sai ta miƙa wuya, ta ƙara miƙawa, ƙishi ya ture ta ciki, ta yi ta iyo tana zagaye har ƙarfinta ya ƙare. Na ce shi ya sa kakan mijina, Don Sabas, ya sare itacen sabino ya sassara masa matakai ya jingina shi daga ƙasan ramin zuwa baki, don duk abin da ya faɗa ya sami hanyar fita. Ɗansa ya sauya shi da ya ruɓe, mijina ya sauya shi sau biyu, ni ina riƙe da igiya.

Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Uwargida Zubiate, kafin ɗan Adam ya zo nan, wa yake sa musu tsani?"

Kai, sai na ji jinina ya hau. Na ce, "Yallaɓai, kafin ɗan Adam ya zo, idon ruwa shida ne a tsaunin nan, rijiyoyin masu haƙar ma'adinai suka shanye su. Akwai kuma manyan itatuwa a saman kwazazzabo, ambaliya kan kwaso kututture ta jefa a Randa da kanta. Su dai masu ma'adinan suka sare su suka cusa a murhu. In za ka mayar da wurin yadda yake, ka fara da dawo da idanun ruwan nan shida, ni kuma zan cire tsani da haƙorana."

Ka san abin da ya yi? Ya ciro ɗan littafi ya rubuta, ya yi murmushi, ya ce wannan tarihi ne mai ban sha'awa. Tarihi! Sannan ya ce in alfadarai ba za su iya ba, zai nemi jirgi mai saukar ungulu ya ɗauko, ai da ma ana ta tambayar ko gandu yana bukatar garke har yanzu. Bai faɗa da gatse ba, amma na ji inda maganar ta dosa. Shekara talatin da ɗaya muna jan dabbobin nan, na hango ana loda su a mota za a kai kasuwa, sai na amsa zan cire.

Ranar Talata muka hau, ni da abokinka Leandro Tarango. Hanya ta yi kyau, sai dai ban ji daɗinta ba. Duk ƙayar da ka sani ta yi fure, ja da rawaya, kurciyoyi na ta kuka a kwazazzabo, ga sawun zakin dutse sabo a kan yashi. Randa kuwa cike take, saura taki ɗaya ta kai baki. Na ɗaura wa gungumen igiya, Mora ta ja, ya fito yana tsiyayar ruwa da gansakuka. Leandro ya ce, "Eufemia, yau kin zama 'yar boko, saura a ba ki man hanci." Na ce in bai rufe mini baki ba zan jingina shi a ramin a madadin gungume, da ma ba wani aikin da ya fi wannan yake yi ba.

Muna saukowa na hango su a kan gwauron dutse, tumakin dutsenmu. Na ƙirga iyaye goma sha huɗu, 'ya'ya tara, wasu ko tsayuwa ba su gama koya ba. Tun da muka sauke iyayensu daga akwatuna shekara goma sha biyu da suka wuce, bayan an ce sun ƙare a tsaunin nan, ba su taɓa yin yawa haka ba. Suna tsaye suna kallona ina jan tsaninsu a ƙasa.

Ka sha maganinka, ka daina yi wa masu jinya gardama. Ka gaishe da Ofelia, ka ce mata na ga saƙon kofi, Allah ya yi albarka.

Taka har kullum,
Eufemia.


Garken Alfadarai,
26 ga Mayu.

Tsohona,

Ina gaisuwa, ina kuma yi maka sannu da jiki. Na ji daɗi da Ofelia ta ce ka taka daga ɗaki zuwa ƙofar gida ba tare da an riƙe ka ba. Allah ya ƙara sauƙi. Mu ma lafiya, sai zafi, wanda ka san halinsa. Ƙarfe goma na safe ko ƙadangare ya nemi inuwa.

Wasiƙarka ta iso, na karanta zagin da ka yi, kuma na yarda na ci rabona. Amma maganar za ka shiga motar haya ka taho, ka bar ta. Ka zo ka yi me, ka hau tsauni da sandar ƙarfe? In ka sake karya ƙugun nan ni ba zan yi jinyar tsoho biyu ba, kai da taurin kanka.

Sau uku na hau Randa tun wancan karon. Na ƙulla igiya ina aunawa. Ruwa ya ja kamu biyu da rabi. Zuwan farko ƙudan zuma na tarar sun rufe fuskar ruwan, matattu. Zuwa na biyu dila ɗaya da kurciyoyi. Shekaranjiya kuwa 'ya'yan aladen daji biyu, uwarsu na ta zagaye bakin ramin tana huci, sai da Leandro ya kore ta kafin na tsamo su da manjagara. Na ɗaure karan sotol na zura a ɓoye don tsuntsaye da zuma su sami abin kamawa, amma kai ma ka san kara ba zai ɗauki tunkiya ba. Tumakin har yanzu suna iya sha in sun durƙusa sun miƙa wuya. Na ga inda gwiwoyinsu suka goge dutsen.

Na ɗauki hoton komai na kai wa Dakta. Ya duba, ya girgiza kai, ya ce abin tausayi ne, amma mutuwa ma tana cikin tsarin daji. Na ce, "Yallaɓai, wannan mutuwar dai da igiyata aka kawo ta." Ya ba ni fom na cike, shafi huɗu. Amsa ta dawo makon jiya: kwamiti zai duba ƙorafina a zamansa na watan Satumba. Satumba, tsohona! A lokacin ruwa ya sauka, Randa ta cika, sai su zauna a ɗaki mai sanyi su ce ba su ga matsala ba.

Amma ba wannan ne ya sa na ɗauki biro ba. Jiya na kai kaya ɗakin baƙi, inda 'yan yawon buɗe ido ke sayen taswira. Ina shiga me zan gani? Tsaninmu! An wanke shi, an shafe shi da man ƙyalli yana walƙiya, an ɗora shi a kan ƙafafun ƙarfe tsawon bango guda, an kewaye shi da jar igiya kada a taɓa. Ga allo a gabansa an rubuta da manyan baƙaƙe wai tsani ne da makiyayan da suke sauka da shi su ɗebo ruwa.

Makiyaya! Haba jama'a! Matakan da tsakaninsu taki ɗaya, zurfinsu yatsa uku, daidai kofato? Wace ƙafar mutum ce za ta zauna a nan? Kai da ka sha ba ni labarin ƙafar Don Sabas, wadda sai an yi masa takalmi na musamman a hayin kogi. Makiyayi ai guga yake zurawa, ba shi da haukan da zai shiga ramin. Mutanen nan sun kasa yarda cewa wani talaka mai awaki, wanda ko sunansa bai iya rubutawa ba, zai kwashe kwana uku yana sassaƙa don dabbar da ba tasa ba, wadda ba zai ci ba, ba zai sayar ba. Sai suka ƙaga masa wani dalili da ya fi shiga kansu.

Ina tsaye ina haɗiyar zuciya, sai wata baiwar Allah mai gajeren wando ta taɓa ni, wai don Allah in tsaya kusa da gungumen ta ɗauke ni hoto, hulata ta dace da shi. Na ce mata, "'Yar nan, ki jira a shafa mini man ƙyalli tukuna." Ba ta gane ba, ta yi dariya ta ɗauka. Leandro ya ce saura a rubuta mini allo a ce tsohuwar da makiyayan da suke tsorata dila da ita.

Na bi shawararka na je wurin ƙaninka Isidoro neman wani itacen. Mun zagaye gonarsa kaf, babu sabinon da ya kai gaba huɗu a miƙe. A cikin gandu akwai, amma sare reshe ɗaya ma laifi ne. Ka ce in yi haƙuri, ko ruwa zai sauka da wuri bana. To, ina yi. Kullum da yamma gajimare yakan taru a hayin kogi, ya yi baƙi, ya yi rugugi, sannan ya watse bai zubar da ko ɗigo ba.

Ka gaishe da mutanen gidan. Fada ya tambaye ka a coci ranar Lahadi, ya ce ana sa ka a addu'a.

Matarka mai kewarka,
Eufemia.


Garken Alfadarai,
14 ga Yuni, da safe.

Tsohona,

Gaisuwa da fatan ka tashi lafiya, kai da Ofelia. Ka yi haƙuri da rubutun, a kan akumari nake yi.

Kwana goma sha biyu ban hau Randa ba, an tura mu yamma kwasar wayar shinge. Yau da sassafe Dakta ya aiko a kira ni. Na tarar da shi fuska a sake, har da zuba mini kofi. Ya ce yana so ya kwantar mini da hankali. Ya juyo mini da allon kwamfuta. Ka tuna abin wuyan nan mai na'ura da aka ɗaura wa wasu daga cikin iyayen tumakin, wanda ke nuna inda suke? Kowace tunkiya ɗigo ce a kan taswira. Ya nuna da yatsa ya ce, "Kin gani? Shida suna Randa tun shekaranjiya, ko motsawa daga wurin ba su yi ba. Suna jin daɗin ruwansu, ba tsani ba komai."

Nicanor, sai na daina shan kofin.

Na ce, "Yallaɓai, tunkiyar dutse ba ta zama a bakin ruwa. Nan ne zaki yake kwanto. Takan tsaya a sama rabin yini tana dubawa, ta sauko, ta sha gwargwadon a karanta addu'ar Ubanmu sau biyu, ta gudu. Yaron goye a ƙauyen nan ya san haka. In ka ga shida sun kwana biyu a Randa, to ba a bakinta suke ba."

Ya ce a'a, ai in dabba ta mutu na'urar takan sanar da zarar ta daina motsi. Na ce, "Gawa a kan ruwa tana daina motsi ne?"

Na ga wuyansa ya yi ja. Sannan ya ce zai rubuta a ba shi jirgi a je a duba ranar Litinin. Yau Juma'a.

Na ajiye masa kofinsa na fito. Leandro yana ɗaura wa Mora da Kanela kaya yanzu haka. Za mu biya ɗakin baƙi mu ɗauki tsaninmu, da safiyar nan, kowa na gani. Ba sata zan yi ba, abin da na ɗauko zan mayar. In za su kore ni su kora, in za su sayar da alfadarai su sayar. Matar Leandro za ta jefa maka wannan a gidan waya.

Ka yi mana addu'a mu tarar da mai rai.

Taka,
Eufemia.


Garken Alfadarai,
19 ga Yuni.

Zuwa ga mijina Nicanor,

Tsohona, ina gaishe ka gaisuwar wadda ta gaji. Yaya ƙarfin jiki? Ina fatan ciwon ya yi sauƙi kuma kana cin abinci. Ka gaishe da Ofelia, ka ce ta daina kiran ofis tana kuka, uwarta tana nan da ranta. Na dawo shekaranjiya, sai yau na iya riƙe biro.

Ɗaukar gungumen bai yi wuya ba. Muka shiga, Leandro ya tsallake jar igiyar, ya ce wa baƙin da ke wurin, "Ku matsa, makiyayan da sun zo karɓar kayansu." Yarinyar da ke sayar da taswira ta buɗe baki za ta yi magana, ta dubi fuskata, sai ta je ta riƙe mana ƙofa. Muka ɗora kan gungumen a bayan Mora, gindinsa na jan ƙasa, Kanela na biye da ruwa da igiyoyi.

Awa tara muka yi a hanya. Dutse ya yi zafin da ba a dafa shi da hannu. A kowace kwana ta hawan nan sai mun sauke gungumen mun juya shi da kafaɗa, ni da Leandro, tsofaffi biyu, muna nishi muna zagin juna. Tun daga kwazazzabo na biyu muka hango ungulaye suna shawagi.

Wari ne ya fara tarbar mu. Sannan kuka. 'Yan tumaki shida a bakin ramin, sun jeru suna leƙawa suna kuka, muryarsu ta dushe. Da suka gan mu suka watse cikin duwatsu. Na rarrafa na leƙa.

Biyar sun mutu, tsohona. Sun kumbura suna yawo a kan ruwa, abin wuyansu na ta aika wa Dakta labari mai daɗi. Bangon ramin duk zane ne na kofato, zagaye guda, har da jini. Ta shida tana da rai. Ta ɗora ƙafafun gaba a kan ɗan tudun nan na gefen arewa wanda bai fi tafin hannu ba, na baya kuma a kan gawar 'yar'uwarta, hancinta kaɗai da idanu ke sama da ruwa. Ta dube ni, ko yunƙurin tsoro ba ta iya yi ba.

Muka ɗaga gungumen za mu zura, sai ya zame daga hannun Leandro. Man ƙyallin nan! Sun shafe shi ya yi santsin da ko ƙuda sai ya zame. Da mun zura shi haka, da ta hau ta sulɓe. Wallahi na zauna a ƙasa na yi ashar ɗin da ban taɓa yi ba tun da aka yi mini baftisma. Muka ciro magagarin kofato da wuƙa muka hau kankarewa, mataki bayan mataki, ashirin da takwas, tana kallonmu daga ƙasa. Kusan awa guda muka ɓata muna cire adon da aka yi wa tsanin kakanka.

Muka zura shi ya zauna a gurbinsa na da. Muka ja alfadarai muka ɓuya a bayan dutse, don ba za ta hau muna tsaye ba. Rana ta yi ƙasa, inuwa ta rufe kwazazzabo. Muka ji ƙarar kofato a kan itace, sai fanjam, ta koma. Ta sake, ta koma. Leandro ya cire hula yana motsa baki. A karo na uku sai ga ƙahonta, sai ga wuya, sai ga ta gaba ɗaya ta zube a bakin ramin, ruwa na zuba daga jikinta. Ta daɗe a kwance kafin ta miƙe tana tangaɗi.

Duka shidan nan suka sheƙo gare ta. Ta sunsuna ɗaya ta bar shi ya kama nono. Sauran biyar suka kutsa, ta sa ƙaho ta ture su, suka dawo, ta sake ture su. Ba laifinta ba ne, haka aka halicce ta.

Washegari muka hau tsamo gawarwakin, don in an bar su ruwan zai kashe sauran garken. Ni na sauka da igiya a ƙugu ina dafa tsanin, ina ɗaura wa gawa wata igiyar, Mora na ja. Muna kan ta uku, wajen tsakar rana, sai ga Dakta Halvorsen a ƙafa, shi kaɗai, fuska ta ƙone, gorarsa babu ko ɗigo. Ashe bai jira Litinin ba. Ya leƙa ramin, ya koma gefe ya yi amai. Da ya dawo ya kama igiya. Shi ya yanke abin wuyan daga kowace gawa da hannunsa. Da muka gama ya tsaya yana duban zanen kofaton nan a bango, ya ce, "Uwargida Zubiate, ban sani ba."

Na tanadi maganganu tun daga gida, tsohona, masu zafi, na jera su a hanya ɗaya bayan ɗaya. Amma abin da ya fito kawai shi ne, "An faɗa maka."

Ya tambaye ni marayun za su rayu? Na ce biyu manyan sun fara cin ganye, wataƙila. Uku ƙananan ba za su ga ruwan Yuli ba. Ya ce ko a kama su a shayar? Na ce ya gwada kama iska a kan dutsen nan tukuna.

Tsani yana Randa. Takarda ta zo daga babban ofis an dakatar da ni, wai na ɗauki kayan tarihi ba izini. Dakta ya ce zai je da kansa ya yi bayani, ya kuma ce ba mai sake taɓa gungumen muddin yana nan. Oho dai. Ihu bayan hari ke nan. Iyaye tara suka rage cikin goma sha huɗu.

Ga abin da ban faɗa wa kowa ba. Da muka juyo, mafi ƙanƙanta cikin marayun ya biyo mu. Ban san me ya gani a jikin Mora ba, ko warin uwarsa ne da ya kama igiya. Mu tsaya ya tsaya, mu tafi ya biyo, yana wannan kukan da ba murya. Har bakin kwazazzabo. In ya sauko fili dila zai cinye shi kafin magariba, in ya koma sama wataƙila ya bi sauran. Sai na tsuguna na ɗebi duwatsu na yi ta jifarsa. Na farko ya faɗi gabansa, bai gudu ba. Sai da na same shi a haƙarƙari sannan ya juya.

Kwana biyu ina neman wanda zan sauke wa fushin nan, na zagi Dakta, na zagi kwamiti, na zagi wanda ya rubuta allo, amma duk inda na jefa shi sai ya dawo kaina. Mutumin nan bai sani ba. Ni na sani. Na san ranar da ruwan zai ja, na san yadda suke mutuwa, kuma na ɗaura igiyar na ce wa Mora ta ja, don kada a raba ni da garke. Saboda haka in za ka rubuto, ka ba ni labarin ƙugunka da abin da likita ya ce. Kada ka rubuto mini cewa ba laifina ba ne. In ka rubuta haka ba zan karanta ba.

Ka gaishe da kowa. Allah ya ba ka lafiya, ya dawo mini da kai.

Ni ce matarka,
Eufemia Zubiate.